Dariyar da Na Yi a Ofishin Mudir

Har yau ranar da aka kira ni ofishin mudir, wato shugaban wurin aikinmu, kan wani jan littafi ba ta fita daga raina ba. Lokacin ina shekara ta shida a wani ɗakin karatu na wakafi a unguwar Utaibiyya ta Makka, ana tsakiyar rusa tsoffin gidajen unguwar Jarwal, magada suna ta aiko mana da littattafan iyayensu kwali-kwali.

Ga yadda aikin yake. Mai ɗauko kaya ya buɗe kwali, ya kakkaɓe ƙura, ya ware. Duk wanda ba na Larabci ba a kawo mini, in rubuta sunansa da abin da ya ƙunsa, domin na yi boko a Damagaram, kuma ni kaɗai ke jin Faransanci a wurin. A shekara shidan nan ban yi hira da yaren ba ko sau ɗaya. Iyalina suna gida, in an tashi aiki daga ni sai fanka.

Mai ɗauko mana kaya shi ne Baba Ilu, dattijo Basakkwace da bai yi karatu ba, amma yana girmama takarda fiye da mu masu karatun. Da ya ga wani ƙaton littafi mai bangon jar fata da ruwan zinariya, sai ya yanke cewa wannan ba ƙaramin littafi ba ne. Bai buɗe ba, bai kawo mini ba, ya ɗora shi can sama tare da tafsirai. Bayan kwana uku wani baƙo ya sauko da shi, ya buɗe, ya kai wa mudir.

Da aka kira ni, na tarar da Baba a tsaye, mudir ya baje littafin a tebur. Ashe tsoffin jaridun Faransa ne na sama da shekara ɗari aka ɗinke wuri guda, cike da zanen ba'a: mutane masu dogayen baƙaƙen riguna, wasu da tumbi, wasu an yi musu bakin hankaka. Mudir, jikan wani Bakano amma haihuwar Makka, ya ce in malaman Musulunci ake zagi, ba zai sabunta wa Baba igama ba, wato takardar zama, wadda saura mata wata ɗaya. Ya ce in karanta.

Na duƙa. Wani limamin coci ne zaune daram a kan rufin makaranta, ya ɗaure minista da igiya kamar akuya, ministan kuma yana gaya wa jama'a wai shi ya fito da malam shan iska. Kafin in ankara dariya ta kuɓuce mini. Wallahi ba limamin nake yi wa ba. Daɗi ne ya kama ni da na ji an yi mini wasa da yaren da na yi kewa, ko da mai wasan ya daɗe a ƙasa.

Na yi saurin bayani cewa limaman coci ne, Faransawa ke rigima da su kan wanda zai riƙe makarantu da mulki, babu Musulmi ko ɗaya a ciki.

Mudir ya ce, "Tayyib. Baba, je ka, kalas, magana ta ƙare." Sannan ya juyo kaina. "Amma kai, ya Mamman, mutane sun mai da malamansu hankaki, abin kuma ya ba ka dariya?"

Aka kulle littafin a kabad, Baba ya sami igamarsa, ni kuma aka mai da teburina sito na ƙasa, inda baƙo ba ya shiga. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Baba, wanda kullum muke cin abincin rana a tire ɗaya, ya fara ce mini yana azumi.

Ku da kuka shigo aikin fassara yanzu, ku riƙe wannan: wanda ba ya jin yare ba zai iya auna maganarku ba, fuskarku yake karantawa. Shekara huɗu na yi a siton nan ni kaɗai. Ranar da zan koma gida Baba Ilu ya sauko, ya riƙe hannuna ya yi mini godiya, ya ce in kwantar da hankalina, tun daga ranar da na yi dariyar nan bai yi ɗawafi ba sai ya roƙa mini gafara.