Muryar da Ka Bari a Cikin Kwantena

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Talata, goma sha huɗu ga Oktoba, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Na Zhanlu a asibiti a nan Wuzhong ta ƙasar Sin, bayan ya sha fama da ciwon hanta. Washegari muka kai shi makwancinsa. Na so in rubuta wannan tun a makon, hannuna ya ƙi. Abin da ya faru a gidansa farkon watan nan shi ya zaunar da ni.

Yaya Zhanlu, maƙwabtaka ce ta haɗa mu, ba jini ba, amma ban san wani sunan da zan kira ka da shi ba. Kai ka yi ritaya daga gyaran siginar jirgin ƙasa, ni daga koyar da lissafi, sai ga shi ka mai da ni ɗalibi da furfurata. Ranar da wayata ta faɗa ruwa da hotunan jikokina a ciki, na zo maka kamar in yi kuka. Ko sannu ba ka ce mini ba. Ka ja ni baranda, ka nuna mini wata tsohuwar kwamfuta tana gurnani tsakanin buhun shinkafa da tulun kabeji mai tsami. Ka ce wannan ce sabar gidanka, ba a kashe ta, duk abin da wayarka ta ɗauka nan yake zuwa ya kwana, kuma ko na ƙi ko na so sai na haɗa tawa.

Kai ka koya mini cewa kowace manhaja a kan sabar tana zaune a kwantenarta, kamar ɗan haya a ɗakinsa. Idan aka sabunta manhajar, rushe ɗakin ake yi a gina sabo, abin da aka rubuta a bango ya tafi ke nan. Saboda haka fayil ɗin saiti a waje ake ajiye shi, kwantena ta riƙa karantawa daga can. Na gyaɗa kai, na koma gida na kutsa cikin kwantena na yi gyarana, don ya fi sauƙi. Ba a jima ba komai ya koma gidan jiya. Ka yi dariya har shayi ya sarƙe ka.

"Ka ga malamin lissafi," ka ce. "Ya yi wa ɗakin haya fenti, mai gida ya zo ya rushe. A waje, Wenkui. Da wane yare zan gaya maka?"

Bakinka akwai kaifi, wannan ba zan ɓoye ba don ka rasu. Amma a zaurenmu na intanet, inda masu sabar gida ke kai kuka, babu tambayar da ka taɓa rainawa. Za ka fara da tsiya, sannan ka zauna da mutum har aikinsa ya tashi. Da Malama Ding mai kantin magani ta rasa bidiyon bikin ɗanta, kai ka hau keke cikin sanyi ka je ka tono mata shi. Ta kawo maka cinyar rago, ka kai wa liman.

Wanda bai san matarka Yaya Yuezhen ba, bai san dalilin sabar nan ba. Tun da ciwon suga ya tafi da ganinta, ka ɗaura lasifika a kicin don ta riƙa gaya mata lokacin salla da na magani. Muryar na'ura ce, kuma Yaya Yuezhen ba ta taɓa son ta ba. Takan ce ta auri ma'aikacin jirgin ƙasa, yanzu kuma an kawo mata mai shelar tasha har cikin gida. Da aka kwantar da kai a farkon Oktoba, sai wata safiya ta ji muryarka daga kicin kana ce mata asuba ta yi. Daga gadon asibiti ka ɗauki maganganun a waya, ka shiga sabar daga can ka sauya saitin.

Bayan rasuwarka muryar ba ta fasa ba. Masu zuwa gaisuwa sukan firgita, wasu suka ba da shawara a cire. Yaya Yuezhen ta ce duk wanda abin ya dama, ƙofa a buɗe take. Da muryar nan take tashi, da ita take shan magani, da ita ta iya zama a gidan.

Ranar ɗaya ga watan nan ta kira ni da hantsi. Ba ta gaishe ni ba.

"Ƙanena, yayanka ya yi shiru. Waccan matar tashar ce ta dawo."

Tun ina kan matakala na san abin da zan tarar. Ka saita sabar ta sabunta kanta a farkon kowane wata. An rushe ɗakin, an gina sabo. Kai da ka cika mana kunne da a waje, a waje, ashe a ciki ka yi gyaranka na ƙarshe. Ta ce ka gaya mata a asibiti cewa ka yi aika-aika: wannan 'yar kwantenar tun ta gwaji ce, ba ka taɓa fitar mata da saiti ba, kuma ba ka da ƙarfin yi da waya. Ka ce idan ka dawo gida za ka gyara, kada ta gaya mini in samu abin yi maka dariya. Ban yi dariya ba, Yaya. Na tsuguna kusa da tulun kabeji na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Allah Ya taimaka, maganganun suna nan, domin wayarka ta aika da su waje kamar yadda ta saba. Abin da ya ɓace shi ne tsarin: wace magana, a wane lokaci. Lambobi kawai ke kansu, babu suna. Sai ta ce in jawo mata kujera. Ina kunna su ɗaya bayan ɗaya, kafin ka rufe baki ta faɗi lokacin, ni kuma ina rubutawa a fayil, a waje. Ba ta yi kuskure ko sau ɗaya ba.

Ta ƙarshe ita ce ta bayan isha. A cikinta ka ce, "Yuezhen, ki sha maganinki ki kwanta. Kada ki jira ni, ina nan tafe."

Na tambaye ta ko in tsallake wannan.

"Sa ta," ta ce. "Sai dai a juye ya faɗi maganar. Ni ce ke tafe."

Allah Ya jiƙanka, Yaya Zhanlu. Allah Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa jinyar da ka sha ta zama kaffara, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya Hai Yuezhen, da 'yarku Ruixue da mijinta, da dukan dangin Na, da mutanen zaurenmu waɗanda har yau suke jefo tambaya da sunanka. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, idan tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.

Sa Wenkui, Wuzhong