Kwanon da Aka Ajiye wa Mai Jita

Ku ɗan matso kusa in ba ku wani labari, har yau in na tuna sai in yi ta dariya ni kaɗai.

Shekarun baya, ƙanena ya buɗe ɗan situdiyo a zauren gidanmu a Kankiya, yana haɗa wa mutane waƙar biki. Kayan aikin nasa kwamfuta ce da fiyano da lasifika biyu. Ni kuwa ba na zuwa ko'ina. Aji uku na yi a firamare, ɗinkin hula nake a tsakar gida, kunnena ne kawai ke yawo.

A cikin kwamfutar nan akwai jita. Ba ta katako da ake rungumewa ba. Wasu can ne suka ɗauki sautin kowace tsirkiya ta jitar gaske suka adana, shi kuma in ya danna fiyano sai ta amsa. Da ita ya yi wa wata amaryar Kusada waƙa, don ango ya ce kiɗan jita yake so. Sau biyu ana dawo da waƙar. Uwar amarya ta aiko cewa kiɗan kamar ana kiran waya. Ƙanena ya shigo rai a ɓace, ya ce in aka dawo da ita karo na uku zai sayar da kayan ya tafi Abuja leburanci. Mahaifiyata da ke shan fura ta ajiye ludayi, ba ta ƙara kurɓa ba. Shi kaɗai ne namijin da ya rage mana a gida.

Na yafa mayafi na bi shi zaure. Na ce, "Auta, sa mani in ji."

"Yaya, ke da ba ki san inda ake kunna ta ba?"

"Kunnawa taka ce. Ni ji zan yi."

Abin da bai sani ba, lokacin yana makarantar kwana mun daɗe katanga ɗaya da wani ma'aikacin asibiti, mutumin kudu, mai gwajin waƙoƙin cocinsu da jita duk yammacin Asabar. Na san muryar jita kamar ta 'yar uwata.

Ko rabi ba a kai ba na ce ya tsaya. "Wannan mai jitar taka yatsu nawa gare shi? Duk tsirkiyoyin suna faɗowa lokaci guda kamar an kifar da kwanuka. Hannu daga sama yake sauka, ɗaya na bin ɗaya, irin na lugude. Sannan ina ƙiiƙ ɗin?"

"Wane ƙiiƙ kuma?"

"Wanda ake ji in yatsa ya zame a kan tsirkiya zai canja wuri."

Sai ya dafe kai. Ashe masu jitar sun sa wannan ƙarar a ciki, shi ya kashe ta tun ranar farko, wai ya zaci datti ne. Har fahariya yake wa abokansa cewa ya wanke sautin tas.

Kwana biyu muka yi, daga hantsi zuwa la'asar. Yana jan wasu 'yan sanduna a fuskar kwamfuta, ni ina kan tabarma ido rufe ina ba da umarni kamar wata shugaba. "Sassauta wannan. Nan hannu ya gaji, bari ya huta." Daɗi ya kwashe ni na sa ya yi ta ƙara ƙiiƙ, har mahaifiyata ta leƙo tana tambaya ko ɓeraye ne a zauren. Dole muka rage.

Aka aika Kusada. Waƙa ba ta dawo ba, sai goron gayyata. Ranar biki har ni na fita. Sau huɗu mata suna cewa a maimaita. Can sai kawun ango, wani dattijo, ya kamo hannun ƙanena.

"Ɗana, ina mai jitar? Hannun nan na babban mutum ne, ba na yaran yanzu ba. Kira shi ya ci abinci."

Ya riga ya sa an ajiye kwanon shinkafa da cinyoyin kaza biyu. Ƙanena ya hango ni cikin mata, ya gimtse dariya.

"Baba, mai jitar akwai kunya, ba ya son fita. Amma zan kai mashi."

A mota ya ɗora mani kwanon a cinya. Kafin mu iso Kankiya na tashi da shi, ƙashi kawai na miƙa mashi. Abuja kuwa har yau bai san hanyarta ba, yana nan zaure, kuma ba ya sakin waƙa sai na ji.

Da ina jin kunyar ƙarancin karatuna, in ana maganar na'ura sai in ja bakina in yi shiru. Tun ranar na daina. Abu ɗaya ne ke ɗan sosa mani rai: dattijon nan ya rasu yana yi wa wani mai jita addu'a, mutumin da babu shi.

To ku gaya mani tsakani da Allah, da ku ne, za ku faɗa mashi gaskiya, ko kazar za ku ci?