Habu Mai Takalma, Bayan Shekara Tara

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Habu, wanda mutanen Mubi suka fi sani da Habu Mai Takalma. Har yau in na bi ta layin da shagonsa yake sai na rage tafiya, ko da yake yanzu cajin waya ake yi a wurin.

Kakanmu baduku ne, daga ƙasar Kano ya zo garin nan. A cikin jikokinsa Yaya ne kaɗai ya riƙe sana'ar, ni na zama malamin makaranta. Ya sayi kekunan ɗinkin fata, ya ɗauki ma'aikata ba tare da ya tambayi yaren kowa ba. Babbansu shi ne Tizhe, wani ɗan ƙabilar Kamwe mai yawan iyali, wanda yake yanka fata. In an kusa komawa makaranta, ba a samun wurin zama a shagon, har 'yan kasuwar Kamaru suna zuwa sarin sandal.

Sai takalman roba na waje suka fara shigowa buhu-buhu, masu sheƙi, kuɗinsu bai kai na fatar da Yaya yake saya ba. Ban taɓa jin ya zagi mai sayensu ba. Yakan ce uwa mai 'ya'ya da yawa, abin da hannunta ya kai shi za ta ɗauka.

Da ciniki ya ja baya sosai, wani ɗan kasuwa ya kawo masa hatimi mai sunan wata ƙasar Turai. Ya ce a riƙa buga shi a tafin takalmi, shi kuma zai kwashe duk abin da aka ɗinka. Yaya ya yi kwanaki bai ba da amsa ba. Tizhe ne ya same shi ya ce, "Oga, matana ya haihu, yara yana makaranta. Ka buga kawai." Yaya ya buga, kaya kuwa suka tafi.

Wata rana ina zaune a shagon, wani maƙwabcinmu da ya daɗe da daina sayen takalmin Yaya ya shigo da sabon takalmi a ƙafa. Ya cire ɗaya ya miƙa masa, ya ce, "Malam Habu, dubi aikin Turawa. Irin wannan ya kamata ku koya." Yaya ya juya takalmin, ya ga hatimin nan a tafinsa, ya shafa ɗinkinsa da babban yatsa, ya mayar masa ya ce, "Allah ya sa mu iya." Tizhe ya sunkuyar da kai yana wasa wuƙa.

Bayan bikin Sallah Yaya ya mayar wa ɗan kasuwar hatiminsa. Ya ce mini ba zai iya cin abinci da ƙarya ba, kuma kullum ya buga hatimin nan yana ƙara koya wa mutane raina hannun ɗan gida. Ban ɓoye masa ba, na ce ma'aikatansa ne za su ji a jikinsu. Haka kuwa aka yi. Suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya, wani ya koma noma a Bahuli, wani ya kama acaɓa. Tizhe ne na ƙarshe. Yaya ya ba shi keken ɗinki ɗaya, shi kuma ya tafi garin Uba ya buɗe rumfa. Har yanzu ban yanke wa kaina hukunci ba ko Yaya ya yi daidai.

Shi dai bai taɓa neman a rufe iyaka ba. Da shi da sauran dukawa sun sha zuwa ofisoshin gwamnati suna roƙon wutar lantarki, da kuma makarantu su riƙa sayen sandal a gida. Kullum sai a ce za a duba. Ranar kasuwar shanu yakan bi tireloli da kallo ya ce, "Ga fatarmu can ta tafi da naman, mu kuma mu sa roba."

Yau kayan waje sun yi tsada, na ga mutane sun fara neman mai gyara da mai ɗinki. Da yana raye ba na jin zai yi murna. Zai tambaya ne, wa ya rage da zai ɗinka? Yawancin waɗanda suka iya sun tsufa, 'ya'yansu ba su koya ba.

Bai bar gida mai bene ba, shagon ma na haya ne. Amma ranar Juma'a, in na fito daga masallaci ina neman takalmina cikin tarin roba, wani lokaci nakan ci karo da sandal na fata wanda ya yi baƙi don tsufa, an sake masa tafi, ɗinkin sama kuwa bai motsa ba. Nakan tsaya gefe in ga mai shi. Galibi dattijo ne da ban sani ba, ya zura ƙafa ya kama hanyarsa.

Allah ya jiƙan Yaya Habu, ya kyautata makwancinsa.