Nomau Ka-ga-gari da Guntun Ganuwarsa

Duk baƙon da ya sauka Matameye a zamanin Nomau, kafin a kawo masa ruwan sha ya riga ya ji tambayar nan: "Baƙo, ka ga gari?" In ya ce ya gani, Nomau ya ce a'a, kasuwa ka gani. In ya ce bai gani ba, to shi ke nan, ya kawo kansa. Sai dai ka hango su sun yi gabas, Nomau a gaba da sandarsa yana nune-nune, baƙo a baya yana waiwaye ko akwai mai ceto. Ina! Mu dai daga inuwa muke ɗaga masa hannu, mu ce Allah ya kiyaye hanya.

Ku da kuka san shi kun san ba ƙari nake yi ba. Ni kuwa, Habu baduku, ina da bakin faɗa, don taubashina ne, uwarsa da ubana ciki ɗaya, kuma tun ina saurayi nake tsokanarsa har gemuna ya yi fari. Sunan Ka-ga-gari ma ni na laƙaba masa. Ya yi fushi kwana biyu, a na uku ya fara amsawa.

To me ake gani? Akwai tsohuwar rijiya da ta ƙafe tun ba a haife ni ba. Za a sa ka leƙa, ka ga duhu, ka ce madalla. Daga nan sai kuka, wadda ya ce ayari guda ya taɓa fakewa a kogonta, har da jakuna. Ni na taɓa shiga kogon nan ni kaɗai, wallahi ƙafafuna a waje suka sha ruwa. Sai ramukan wata tsohuwar marina da babu kowa a ciki sai kwaɗi. Amma duk wannan share fage ne. Abin da ake tafiyar dominsa yana can kufai, inda kakanninmu suka zauna kafin su matso nan: guntun ganuwa, tsawonsa bai fi taku ashirin ba. Sauran duk ta zube ta koma gona.

A jikin guntun nan, daidai ƙirjin mutum, akwai shatin hannu a cikin yaɓe. Hannun ubansa ne, Baba Gado magini, ya dafa tun yaɓen yana ɗanye. Nomau yana goye aka kama uban a wani hari aka yi arewa da shi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ba kabari, ba riga, ba komai. Gwaggona, uwarsa, ita ta kai shi wurin da ya yi wayo, ta ce ga abin da ubanka ya bar maka. Wannan kam ban taɓa yi masa wasa da shi ba, sauran ne nake dama shi da su yadda nake so.

Da an ga hadarin farko, zai kwance zanar gidansa ya kinkima ya kai kufai ya lulluɓe wurin. Matarsa Hajo ta sha fama.

"Maigida, ɗakinmu fa zuba yake yi. Jiya a kan gadona ya sauka."

"Ke ai kina da ƙafa, ki matsa. Ganuwa ina za ta matsa?"

Kun tuna Bakanon nan farke, mai jakunan kanwa, wanda ya tsaya don kawai ya shayar da dabbobi? Nomau ya kama shi da hantsi, bai sake shi ba sai azahar. Mutumin nan ya leƙa rijiya, ya gai da kwaɗi, ya zo gaban ganuwa ya tsaya yana dube-dube.

"To ina take?"

"Ga ta nan ka jingina da ita."

"Wannan? Haba, bawan Allah! Mu a Kano ganuwarmu, in ka ɗaga kai don ka ga ƙarshenta sai hularka ta faɗi."

Nomau ko a jikinsa. Ya ce, "Taku ai ko jaki ya gani ya san ganuwa ce. Tamu sai da mai bayani."

Bakano ya koma ya tarar jakunansa sun shiga gonar wake. Tun daga ranar, in ya taho daga Damagaram ta bayan gari yake zagayawa.

Ba wanda yake tsira, ko masu gaisuwar mutuwa. Da aka yi rasuwa a gidan liman, mutanen Icirnawa suka zo, suna gama addu'a ya tashe su. Liman ya ce, "Nomau, ji tsoron Allah, gaisuwa suka zo." Ya ce, "Allah gafarta Malam, mamacin ai ya riga ya gani, sau huɗu na kai shi. Waɗannan ne ba su gani ba."

Wata rana kuma wani makaho ya sauka, Malam ne mai yawon wa'azi. Na ce yau dai Nomau zai huta. Ashe ni ne ban san taubashina ba. Malamin ya ce, "Ɗan'uwa, ai ni ba na gani." Nomau ya ce, "Masu idon da me suka fi ka? Su ma sai na gaya musu." Ya kama masa sanda suka tafi, na bi su don in samu abin dariya. Da aka iso ganuwa ya ɗauki hannun Malamin ya sa a cikin shatin. Malamin ya daɗe yana shafawa, can ya ce, "Mai wannan hannu, ɗan yatsansa ƙarami ya taɓa karyewa, ya warke a karkace." Nomau ya sunkuya ya duba, ya sake dubawa. Shekara da shekaru yana nuna wa mutane, shi bai lura ba. Ranar bai kai Malamin ko'ina ba kuma, gida ya ja shi ya sa Hajo ta yanka zakara. Ni ma na koma ban samu abin dariyar ba.

Kishi kuwa, kada ka so ka ji! Wani mutumin Dawce ya ce a kasuwa kukar garinsu ta fi tamu kauri. Washegari Nomau ya ari igiyata, ya auna tamu, ya ƙulla, ya kama hanyar Dawce a ƙasa da wannan ƙafar tasa mai ciwo. Da la'asar ya dawo, ya jefa mini igiya.

Na ce, "Ka-ga-gari, yaya? Ta fi ko?"

"Ta fi."

"To?"

"Kumburi ne, ba ƙiba ba."

Ana nan sai labari ya zo cewa wani Nasara zai taho daga Damagaram, Kumandan, babbansu da ke mulki a can, ya aiko shi ya duba inda za a gina bariki, wato masaukin da manyansu za su riƙa kwana in suna rangadi. Lokacin ba su daɗe da kama ƙasar ba, amma mun riga mun koyi darasi: abin da idon Nasara ya gani ya yaba, ka yi masa ban kwana. Masu dawaki suka kai su daji, mata suka kife kaji a ƙarƙashin kwanduna, ni ma sirdin da na fi ji da shi a rumbun Hajo na cusa. Gari duk ya koma kamar na matsiyata, har Maigari ya sa tsohuwar riga.

Na je na sami Nomau. Na ce, "Taubashi, yau ba wasa na zo ba. Wannan baƙon ba a nuna masa abin kirki. Don Allah ka shiga ɗaki ka ce zazzaɓi kake yi."

Ya ce, "Baƙo baƙo ne, ko da kunnensa ja. A ce mutum ya taho tun daga Faransa ya koma bai ga gari ba? In ya tafi Dawce suka nuna masa kumburarriyar kukarsu fa?"

Ranar da Nasaran ya iso, ko gama gaisawa da Maigari ba a yi ba, sai ga Nomau ya kutsa tsakanin gardawa, wato dogaran Nasara, ya dubi tafinta ya ce, "Tambaye shi, ya ga gari?" Tafinta ya juya maganar, Nasara ya yi dariya ya ce a je. Muka bi su daga nesa. A rijiya ya yi hamma. A kuka ya kori ƙuda. Marina kuwa ko sauka daga doki bai yi ba. Amma da aka iso ganuwa sai ga shi ya diro, ya zaro wuƙa ya kankari jikinta, ya ƙwanƙwasa, ya murza ƙasar a yatsa. Ya yi magana, tafinta, da yake Mushe suke kiran Nasara, ya ce, "Mushe yana tambaya, shekararta nawa, kuma me ya hana ruwa cinye ta?"

Jama'a, ku ga fuskar Nomau! Shekara talatin yana jan baƙi, ba wanda ya taɓa tambayarsa komai sai "Saura nisa?" Ai sai baki ya buɗe. Jar ƙasa ce, ya ce, daga nesa aka ɗauko ta a ka, aka cuɗa da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, aka bar ta ta kwana arba'in ana takawa. Daga nan har Kano babu ƙasar gini irinta. In an jiƙa ta yau aka sake gini da ita, jikokin jikoki za su tarar. Nasara yana gyaɗa kai yana rubutawa a ɗan littafi. Shatin hannun ma an nuna masa, ya kalla sau ɗaya ya koma kan wuƙarsa.

Mako guda ba mu huta ba. Ko'ina ka juya Nomau ne: "An rubuta mu. Littafin Faransa za shi. Dawce fa, wa ya rubuta su?"

Bayan kaka sai ga gardawa da mutanen aikin tilas, da diga da kwanduna, sun nufi kufai, za a rushe ganuwa a gina bariki da ƙasarta. Nomau ya ruga wurin tafinta, hula a hannu. Tafinta ya ce, "Baba, kai fa ka ce babu ƙasa irinta har Kano. Mushe ya yarda da maganarka." An ce baki shi ke yanka wuya, ranar na ga an yanka, ban kuwa ji daɗin cewa na faɗa ba.

Tsofaffi irinsa ba a sa su aikin, amma ya zo ya tsaya tun safe yana hana mutane jefa ƙasa. "Ku ajiye a hankali, ba kashin shanu ba ne!" Da aka iso wurin shatin ya karɓe diga daga hannun wani saurayi. Na matsa kusa na ce, "Mu yanke wurin mu kai maka gida, ba wanda zai lura." Ya ce, "In kai shi gida in ajiye kusa da tulu? Magini ne, aikinsa zai bi." Da hannunsa ya sare shi, ya zuba a kwando, ya ɗauka a ka har bakin ginin. Ya tsaya aka jiƙa, aka cuɗa, aka yi tubali, bai gusa ba kwana da kwanaki sai da ya ga inda aka ɗora su, bangon gabas, ƙarƙashin taga.

Kuna tsammani ya daina? Tabɗi! Rijiya, kuka, marina, sannan a zagayo bayan bariki a saɗaɗe, don mai gadi yana kora. Ya nuna da sanda ya ce, "Ga ganuwarmu nan. Ta samu aikin gwamnati ne, shi ya sa ba ta da lokacin gaisawa." Baƙi su yi dariya, mu ma mu yi, shi ma ya ɗan taya mu. Mun ɗauka ya warke.

Da ciwon ajalinsa ya kwantar da shi, na je duba shi da hantsi, na shirya tsokanata tun daga gida. Na tarar Hajo ta fito da shi inuwa. Ya bari ta shiga ciki, sannan ya kama hannuna ya ce, "Habu, ba Nasara ne ya rushe ta ba. Shi wucewa zai yi. Ni na riƙe masa linzami na ce zo ka gani." Ya ƙara da cewa, "Sau ɗaya aka saurare ni a duniya, ka ga abin da na saya da shi. Kai da ka fi ni ƙarfi, me ya hana ka ɗaure ni ranar?"

Har yau in na tuna sai in ji da ma na ɗaure shi ɗin, ya yi fushinsa na kwana biyu.

Ya Allah, bawanka Nomau bai taɓa barin baƙo ya zauna shi kaɗai a garin nan ba. Kada ka bar shi shi kaɗai a inda ya sauka. Ka yafe masa, ka sanyaya makwancinsa, ka haɗa shi da uban da bai taɓa gani ba, su gaisa hannu da hannu. Amin.