Aikin Gida a Bakin Filin Ƙwallo

A gidanmu na Jos ƙwallo ce ke raba kwanaki. Laraba Baba na atisaye da 'yan ma'aikatar kuza, Juma'a yayana ke wasa, Asabar kuwa gidan kaf a bakin fili muke yini. Duk sanda na kawo wa Baba aikin makaranta, sai ya ce, “Gobe,” yana ɗaura takalminsa.

Shekarata tara, amma na riga na gane ba lokaci ne ba shi da shi ba. Baba bai iya karatun boko ba ne, kuma abokan wasansa, akawuna da malamai, ba su sani ba.

Wata Asabar ya ci ƙwallo biyu. Da aka tafi hutun rabin lokaci suka kewaye shi suna ta yabo. Na kutsa tsakiyarsu, na miƙa masa littafina a buɗe.

Na ɗaga murya na ce, “Baba, karanta mini tambayar nan.”

Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce gumi ya shiga masa ido.

Na ce, “Goge, Baba. Zan jira.”

Wani akawu ya fara dariya, ya haɗiye ta.

Daga ranar Baba bai sake taka fili ba. Kullum da yamma yakan zauna kusa da ni ina aikina. Lokacinsa na nema, na kuwa samu duka.