Wasan Baba ya koma hip-hop

Ranar Asabar a Malumfashi, ana tsakiyar wasan dandamali Baba ya tashi ya fice.

Tsohon wasan barkwancinsu na samartaka, na likitan bogi, shi ƙanena Nura da abokansa suka mayar hip-hop. Jama'a na dariya, Baba na huci.

A gida ya rantse Nura ya gama hawa dandamali. "Sun mai da wasan mutunci iskanci!"

Inna na tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Alhaji, wasan mutuncin da mahaifinka ya kore ka a kansa, har ka kwana tashar Funtua?"

Baba ya ɗauki buta, alhali ko kiran salla ba a yi ba. Bai ƙara tada zancen ba.

Ashe iskancin jiya ne al'adar yau. Ku naku iyayen fa?