Matar da ke Shafa wa Gobara Ja

Taubashiyata Dorcas Pell ta ƙona birnin New York ya fi sau dubu, ta cinna wa jiragen ruwan da ko teku bai san adadinsu ba wuta, duk tana zaune kan kujera. Aikinta ke nan a shagon hotunan Mista Quill. Mata shida ne a jere, kowace da launinta. A bugo hoton bala'i a takarda daga kan dutsen da aka zana shi, wannan ta shafa shuɗin ruwa, waccan baƙin hayaƙi, a miƙo wa Dorcas ta zuba jan wuta. Shekara goma sha ɗaya! Faratanta sun rine, burodin da ta taɓa sai ka rantse an yanka kaza a kansa.

Quill kuwa, ungulu ma ta fi shi kunya. Da jin ƙararrawar gobara sai haƙora waje. Dutse ɗaya gare shi na jirgi mai ci da wuta. Duk jirgin da ya ƙone, sai ya kankare sunan da ke ƙasa ya rubuta sabo. Masu faɗawa ruwa su ne dai na bara, har da wani mai doguwar hula da ya mutu sau bakwai.

"Dorcas, yau wa kika babbake?" nakan tsokane ta.

"Gobe da kai zan fara, mai kan kabewa."

Ana nan sai jirgin da ƙaninta Silas ke zuba wa kwal ya kama da wuta tsakiyar kogi. Ko takalminsa ba a gani ba. Bayan kwana uku ta koma aiki, don Quill ya ce in ta ƙara kwana ta nemi wani wurin. Ta tarar an kankare dutsen. Ga sunan jirgin su Silas, ga mai doguwar hula yana mutuwarsa ta takwas.

"Ki cika jan, yarinya," in ji Quill, yana taunar taba. "Wutar ake saye, ba jirgin ba. Da ma za ki tsaya bakin kanti ki ce ƙaninki na ciki, ai kafin yamma sun ƙare."

Ta dubi hoton. Ta ɗauki kaskon jan ta juye wa Quill, tun daga sanƙo har takalmi. Cikin matan nan biyar ba wadda ta miƙa masa tsumma.

Yanzu wankau take yi. Wata shida hannunta na cikin sabulu, jan nan bai gama barin faratanta ba. Hoton kuwa yana nan rataye a shagon askin unguwarmu, wata daban ce ta shafa masa jan. In Dorcas ta zo wucewa, tsallaka titi take yi.